Ƙusa ta Huɗu a Layi na Bakwai

Mutum biyu ne a rumfar gyaran jiragen ƙasa aka manta sunayensu na yanka, Na-Ciki da Na-Waje. Aiki ne ya raɗa musu suna, sunan kuma ya bi su har gida, har 'ya'yansu ma da shi ake kwatanta su a unguwa.

Na-Ciki gajere ne, siriri, irin mutumin da in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Wannan ɗan jiki shi ya ba shi abinci. Kan jirgi mai tafiya da tururi yana da ɗakin wuta, akwatin ƙarfe ne da ake hura kwal a ciki, ƙofarsa kuwa kaɗan ta fi bakin tulu. Bangon ɗakin biyu ne, na ciki da na waje, ruwa a tsakaninsu, sai dogayen ƙusoshi sama da dubu da suka riƙe su kada ƙarfin tururi ya ɓare su. Muguntar ƙusa ita ce takan karye a tsakiya, can inda ido ba ya kaiwa, alhali kanta yana nan lafiya lau ta kowane gefe. Saboda haka in an kashe wuta, an zubar da ruwa, ƙarfe ya huce, sai a tura mutum ɗaya ciki da guduma da alli, wani ya tsaya a waje. Na ciki ya doki kan ƙusa ya saurara: lafiyayya takan amsa tas, karyayya kuwa sai ta yi wani ɓus kamar an doki kabewa. Na waje ya ɗora tafin hannu a ɗaya kan. In bugun ya iso hannunsa ƙusa tana nan ɗaya, in bai iso ba ta rabu biyu. Sai ya ba da amsa da gindin sifana a jikin bango. Bugu ɗaya, lafiya. Biyu, ta karye. Uku, an gama, fito.

Na-Waje ƙato ne, kafaɗa kamar ƙyaure, ko kansa ba ya shiga ƙofar wuta. Hannunsa na dama yatsa huɗu ne, wani ƙarfe ya cinye ƙaramin tun yana saurayi. Shi ya fara jan Na-Ciki gidansu cin abincin rana, a nan Na-Ciki ya ga ƙanwarsa, cin abinci ya koma aure. Kullum aka taɓo zancen sai Na-Waje ya ce, "Da na san ɓera nake kaiwa gida, ai da na rufe rumbu." Na-Ciki kuwa in yana neman wani abu ya ce Yaya, in ba ya nema ya ce Bango.

Cikin kawunan jirgin da suka bi ta hannunsu babu wadda suka sani kamar Gwaggo. Gunduwa-gunduwa aka kawo ta a jirgin ruwa aka harhaɗa ta a nan, tun ba a haifi ko ɗayansu ba. Baƙa ce wuluk, ƙafafunta sun kai wuyan mutum. Lamba tana da ita, amma ba mai kiranta da lamba, domin ba ta taɓa tashi daga tasha ba sai ta yi mita, ta yi huci, ta tofar da ruwa a ƙafar duk wanda ya matso. Ta ja kaya, ta ja dabbobi, ta ja mutane masu kuka da masu murna, ba a taɓa jin ta bar kowa a daji ba.

Shekara ashirin da shida suna aiki tare, sai wata Laraba da hantsi ƙusa ɗaya ta shiga tsakaninsu. A bangon baya take, layi na bakwai, ta huɗu daga kusurwa, daidai inda ƙafafun direba da mai zuba kwal suke tsayawa. Na-Ciki ya doka, ya ji tas. Daga waje aka amsa biyu. Ya sake dokawa, aka sake biyu. Ya leƙo da kai ta ƙofar wuta, ga shugaban rumfa tsaye yana duba agogo, domin Gwaggo tana da tafiya washegari.

"Lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe," in ji Na-Ciki.

"Bugun bai iso hannuna ba," in ji Na-Waje.

Da Na-Ciki ya tsaya nan da an wuce wurin, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma ga shugaba, ga ma'aikata sun taru, baki ya riga hankali.

"Ina zai iso, hannun ma bai cika ba? A tambayi mai kunne biyu, a bar mai yatsa huɗu ya huta."

Aka kwashe da dariya. Shugaba ya ɗauki maganar mai kunne biyu. Na-Waje ya ajiye sifana a hankali, ya goge hannu a tsumma, ya fita daga rumfar. Na-Ciki ya koma ciki ya ƙarasa sauran layuka shi kaɗai, sannan ya zauna jiran bugu uku, domin tunda yake bai taɓa fita ba sai an sallame shi. Ya jira har gumin jikinsa ya bushe. Daga baya ya rarrafo ya fito da kansa.

Bayan wata biyu injinan dizal suka iso. Aka tura Gwaggo can ƙuryar rumfa aka kashe mata wuta, ba wanda ya sake buɗe cikinta, ba a kuwa san wa ke da gaskiya ba. Na-Waje ya nemi a mayar da shi sashen gyaran taragu. Yakan zo gaida ƙanwarsa, amma sai ya tabbatar mai gidan ba ya nan. Na-Ciki yana son zuwa ba da haƙuri, wallahi yana so, sai dai kullum goben ta fi yau dacewa. Shekara tara ana wannan gaba, ciwon kwana uku ya ɗauke Na-Waje. Da Na-Ciki aka ɗauki makara, iyakar abin da ya samu yi masa ke nan.

Guduma kuma ba ta barin kunne. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɓace masa, sai kiran matarsa daga madafa, sai ƙarar mota a titi. Kafin ya cika saba'in duniya ta koma masa kamar ya nitse a ruwa. Amma mutumin da aka sani da kunne, gara a ce masa ɓarawo da a ce masa kurma. Ya koyi karanta baki, abin da ya kuɓuce masa kuma ya rufe da "to madalla", har ranar da maƙwabci ya gaya masa akuyarsa ta mutu ya ce to madalla. Matarsa ta sani sarai. In za ta yi magana sai ta zagayo gabansa ta buɗe baki sosai, ba ta taɓa furta kalmar ba ko sau ɗaya.

Yana da shekara saba'in da shida wata mata ta yi sallama a gidan. Injiniya ce daga gidan tarihi, ba ta kai arba'in ba, farcenta duk baƙin mai. Ta ce ta gano Gwaggo a ƙuryar rumfa, tantabaru sun mai da ita gida. Masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun fara zagaya ta suna awo da ido. Hukuma ta ba ta wata ɗaya: in an sami wanda ya san aikin ya duba ɗakin wuta ya sa hannu, za a gyara ta a hura mata wuta, jama'a su zo su gani. In ba a samu ba, a yanka. Akwai na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe, ta rubuta takarda a kawo, takardar ta sami wuri ta kwanta.

"Duk wanda na tambaya, Baba, kai yake nuna min. An ce kunnenka ya fi na'urar."

Na-Ciki yana kallon bakinta. Rabin zancen ya wuce shi, amma kalmar yanka ta shiga tsaf.

"Gwaggon za a yanka? Ina raye? Gobe ki same ni a rumfa, 'yata."

Da baƙuwa ta tafi, matarsa ta zagayo gabansa.

"Da wane kunnen?"

Ya juyar da kai, wanda a gidan nan shi ne toshe kunne.

Rumfar tana nan yadda ya barta, sai dai rufin ya huhhuje, hasken hantsi yana zubowa igiya-igiya. Makanikai sun cire wa Gwaggo rigar ƙarfen da ke rufe ɗakin wuta, sun kankare tsatsa, sun shafe bangon waje da baƙin mai. Injiniya ta ce za ta ba shi mutum ya tsaya a waje. Ya ce ba ya so. Kowa ya fita, a ja ƙofa, aikin nan shiru yake buƙata. Ka ji mutum, wanda shirun duniya duka yake cikin kansa. Tsoronsa kada a kira shi daga waje ya kasa amsawa.

Ya shiga da ƙafa tukuna, hannuwa a sama, kamar yadda ya saba. Ciki warin tsohuwar toka, da sanyin da bai dace da hantsi ba. Ya kunna tocila, ya yi bisimilla, ya doki ƙusa ta farko.

Babu komai. Kamar ya doki auduga.

Ya bi layi na farko, ya bi na biyu, gumi yana shiga masa ido. Duk ƙusoshin bakinsu ɗaya, lafiyayya da karyayya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin ya ga abin da zai yi: zai zaɓi goma ko ashirin da ka ya shafa musu alli, ya fito ya ce ga su nan. Ya dafa bango da hannun hagu don gwiwa ta huta, ya kai wa ta tara a layi na uku duka, ba don yana sa ran komai ba.

Bango ya amsa a tafin hannunsa. Bugu biyu.

Na farko mai nauyi, na biyu a kasalance, kamar mai bugun ya gaji da maimaita abin da kowa ya sani. Shekara ashirin da shida yana karɓar wannan bugu, ko cikin dubu zai tsince shi. Ya rarrafa ya leƙa ta ƙofar wuta. Ƙofar rumfa a rufe, babu kowa. Tantabaru suna nan jere a kan tukunyar ruwan Gwaggo suna gyangyaɗi, alhali tantabara ko cokali ya faɗi sai ta tashi.

Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya daɗe a durƙushe, rabinsa ciki rabinsa waje. Sannan ya koma, ya ɗora hannu, ya sake dokan ƙusar. Biyu. Ya ɗauki alli ya zagaye kanta.

Kwana shida ya yi a ciki, daga hantsi zuwa azahar. A kan lafiyayyar ƙusa ba a amsa masa ko sau ɗaya, bugun nan ɗaya na lafiya bai taɓa zuwa ba. Sai ya zo kan karyayya a ce biyu, a yi shiru. Gaba dai tana nan, iyakar abin da aiki ya wajabta ake gaya masa. A rana ta huɗu ya iso bangon baya, layi na bakwai. Ya san inda za shi, ƙafarsa ma ta sani. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ya tsaya ya share fuska, ya doki ta huɗu. Bugu biyun da ya zo sai da ɓarɓashin tsatsa ya zubo masa a wuya. Ya dubi allin da ke hannunsa, ya mayar aljihu, ya wuce ta biyar.

Ashirin da uku ya zagaye da alli. Makanikai suka huda su suka zaro, kowace a karye, ko ɗaya ba a yi asarar hudawa ba. Injiniya ta jera su a kan tebur tana juya su tana girgiza kai.

"Baba, wannan kunne naka shi ya kamata mu ajiye a gidan tarihi."

Ya ga maganar a bakinta, ya yi dariya tare da kowa, kunya kuwa kamar ta kashe shi.

Aka sa sababbin ƙusoshi. Ya shiga ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk shiru. Ɗakin gaba ɗaya ya yi shiru, in ban da wuri ɗaya. Tun daga ranar kullum sai ya zo, wai yana sake dubawa. Ya kori kowa, ya shiga, ya zauna gaban ƙusa ta huɗu, ya doka, a amsa masa. Sai ya fara ba ta labari. Ya gaya mata wanda ya mutu da wanda ya yi aure, da yadda gwiwa ta hana shi tsugunno, da jikar da aka haifa da kafaɗa irin ta gidansu. Ya doka, a ce biyu. Musu ne ake masa, ya sani, musun nan na ranar Laraba. Amma wanda aka yi shekara talatin da ɗaya ba a kula shi ba, musu ma gaisuwa ce. Kuma a duk faɗin duniya wannan ce kaɗai muryar da ta rage tana iso shi ba sai ya kalli baki ba. Ya ga abin da ya faru da ashirin da ukun: ranar da aka gyara ƙusa, ranar ake daina magana a kanta. In ya shafa wa wannan alli ya amsa a gaban kowa cewa mai yatsa huɗu ne da gaskiya, sannan ya rasa shi karo na biyu.

Aka sa Asabar ranar hura wuta. An samo wani tsohon direba, amma masu zuba kwal duk sun ƙare, Injiniya ta ce ita za ta riƙe shebur da kanta. Ta nuna masa inda za ta tsaya, tana murna, ƙafarta daidai layi na bakwai. Na-Ciki ya san ƙusa ɗaya karyayya tana iya kai shekara ba abin da ya faru, ai Gwaggo ta yi wata biyu tana tafiya da ita. Ya kuma san maƙwabtanta yanzu sun ƙara shekara talatin da ɗaya na tsatsa, su ke ɗauke da nauyinta. Ya taɓa ganin abin da tururi ya yi wa ƙafar mutum, sau ɗaya, bai kuwa sake cin nama ba sai bayan wata.

Ran Alhamis takardar sa hannu tana kan tebur, biro a kanta. Ya ce bari ya ƙara shiga sau ɗaya. Yana zama, bai ko ɗaga guduma ba, bugun ya zo da kansa. Biyu. Aka ɗan tsaya, aka sake biyu. Ya ji shi a gwiwa, ya ji shi a haƙora. Ya fito da sauri har ya kuje kafaɗa a bakin ƙofa.

Matarsa ya tarar a rumfar, ta kawo masa abincin rana, mai gadi ya buɗe mata. Ba ta ajiye kwanon ba. Tana tsaye tana kallon bangon waje, inda aka shafe da baƙin mai. Ya bi idonta. Kusa da kowace sabuwar ƙusa akwai shatin tafin hannu a jikin man, babba, makanikai sun ɗauka na junansu ne. Yatsa huɗu. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi zuwa bangon baya. A layi na bakwai shatin ba ɗaya ba ne, an ɗora an sake ɗorawa har man ya goge, ƙarfe ya fito fari.

Ta zagayo gabansa. Ta buɗe baki sosai don kada ko kalma ta wuce shi.

"Hannun Yaya ne. Ni na riƙa ɗaure masa shi da tsumma lokacin da yatsan ya fita. Me ya sa nan babu alli?"

"Ki rufa min asiri."

"Na rufa maka na kunne shekara goma. Wannan ba na rufawa. Me kake jira?"

"In na sa alli zai yi shiru," in ji shi. Bai san da ƙarfi ya faɗa ba, sai da ya ga tantabaru sun tashi. "Sauran duk ya yi shiru a kansu. Nan kaɗai yake kula ni."

"Kula ka yake? Malam, tsaye yake. Shekara talatin da ɗaya ka bar ɗan'uwana tsaye da hannu a bango, don kada a ce ka yi kuskure. Ni na zauna tsakaninku, in dafa maka, in ɓoye in gaishe shi, ban ce komai ba. Yanzu 'yar mutane za ka ƙona a kai? Girman kai rawanin tsiya, wallahi."

Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta juya masa baya, ta bar shi ba bakin da zai karanta.

Na-Ciki ya shiga, ya zagaye ƙusa ta huɗu da alli, ya sake zagayewa har allin ya karye. Ya fito ya aika mai gadi ya kira Injiniya da makanikai. Da suka taru ya cire hula, abin da bai taɓa yi a gaban na ƙasa da shi ba.

"'Yata, akwai saura ɗaya. Na san da ita tun rana ta huɗu, na ɓoye. Kuma ni kurma ne. Shekara goma ban ji ko tsawa ba."

Injiniya ta matso gabansa, kamar yadda ta ga matarsa tana yi.

"To Baba, ashirin da ukun nan, wa ya ji su?"

"Na waje."

Ta dubi bangon, ta dubi hannuwan makanikanta ɗaya bayan ɗaya, kowa da yatsunsa biyar. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce a kawo abin huda.

Ƙusar ta fito gida biyu. Sauran da aka zaro karayarsu da kaifi, wannan kuwa bakin karayar ya yi sumul, ya yi baƙi, ruwa ya daɗe yana lasarsa. Babban makanike ya shafa da yatsa ya ce wannan tun jirgin yana tafiya ta karye, ba shakka. Na-Ciki ya karɓi guntayen biyu ya sa a aljihu, ba wanda ya hana shi.

Ran Juma'a da hantsi aka gama ɗaura sabuwa. Bai ce kowa ya fita ba, su da kansu suka ja baya. Ya shiga, ya zauna, ya ɗora tafin hagu a bango.

"Yaya," ya ce. "Ta karye. Kai ne da gaskiya, hannunka ya fi kunnena. Maganar yatsa kuma ban kyauta ba. Ka yafe min."

Ya doki sabuwar ƙusa. Shiru. Ya ƙara. Shiru, irin na sauran dubun. Ya ajiye guduma ya zauna kamar yadda ya zauna waccan Larabar, hasken tocila yana ja yana raguwa, gumi yana bushewa a bayansa. Ya yi niyyar ko zai kai la'asar ba zai fita da kansa ba.

Sai bugun ya zo, a hankali, daidai tsakiyar tafin hannunsa. Ɗaya. Biyu. Aka ɗan ja numfashi. Uku.

Ya rarrafo ya fito. Matarsa tana bakin ƙofar wuta, ta dubi fuskarsa.

"Ya sallame ka?"

"Ya sallame ni."

Ta rufe fuska da mayafi. Makanikai suka sunkuyar da kai, ko da yake ba wanda ya ji komai a cikinsu. Na-Ciki ya je tebur ya sa hannu a takarda. Injiniya ta sa aka mayar wa Gwaggo rigar ƙarfenta a kan bangon yadda yake, ta hana a goge man.

Ran Asabar aka cika tukunya da ruwa, aka gwada ƙarfinta, aka hura wuta. Jama'a sun cika rumfa har waje. Wajen azahar Gwaggo ta fara mita, ta yi huci, ta tofar da ruwa a takalmin wani babban baƙo, tsofaffin ma'aikata suka yi ta dariya da hawaye. Direba ya ja igiyar usur. Na-Ciki ya ga mutane sun toshe kunnuwa, ya ga tantabaru sun fashe ta hujojin rufi. Ya ratsa ya matsa kusa, ya ɗora tafin hannu a jikinta, gefen ɗakin wuta. Ɗumi ne, da 'yar rawar ƙarfe mai rai, ba wani abu. Kewar surukinsa ta kama shi fiye da ranar da ya ɗauki makararsa.

Gwaggo ta motsa, ƙarfen ya zame daga ƙarƙashin hannunsa. Ya tsaya da hannu a sama har matarsa ta zo ta sauke masa shi.